Gefen Takardar da Aka Yanke

An ce a wani zamani da ya shuɗe an yi wani sarki mai sakin hannu, wanda ba a taɓa jin mai roƙo ya fito daga gabansa hannu banza ba. A cikin birninsa, can bayan kasuwa daura da marina, akwai wani tsohon gida na ƙasa da ake kira gidan littattafai. Ba na sarki ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. Malaman farko ne suka riƙa barin littattafansu a can idan ajali ya matso, domin kowa ya amfana. Mai kula da gidan wani dattijo ne, Malam Cindo, mai yatsa shida a hannun hagu, wanda ya gaji aikin daga kawunsa.

Littattafan wancan zamani ba ɗinkakku ba ne. Falle-falle suke, a jere cikin gafaka ta fata. Saboda haka littafi ɗaya yakan kwana a gida goma. Mahauci ya ɗauki falle biyar, maɗinki ya ɗauki na gaba, wata matar aure ta aiko a karɓo mata uku. In kowa ya gama sai ya mayar, Malam Cindo ya sa kowane falle a mazauninsa. Waɗanda ba su iya karatu ba kuwa, ran Laraba da ran Asabar bayan la'asar yakan shimfiɗa musu tabarmi a gindin ceɗiyar ƙofar gida, ya karanta musu har rana ta yi ja.

Mutanen birnin suna da wata al'ada. Duk wanda ya ari falle, kafin ya mayar sai ya bar wani abu a gefen takardar, inda marubuci ya bar fili. Wani ya rubuta addu'a. Wani ya gyara kuskure. Wani ya yi gardama da malamin da ya mutu shekara ɗari da suka wuce, wani kuma ya zo daga baya ya yi gardama da mai gardamar. Wani abin da ke cin ransa yake rubutawa. Ba a sa suna, kowa da alamarsa, wanda bai iya rubutu ba kuma ya dangwala yatsa. In Malam Cindo yana karatu a gindin ceɗiya, ba ya tsallake gefe, har ma mutane sun fi kasa kunne in ya zo wurin. Kuma in an yi rasuwa, bayan sadakar arba'in iyalan mamaci sukan zo su ce a nuna musu hannun nasu. Ya buɗe gafaka ya nuna musu, su shafa wurin, su yi addu'a, su tafi.

Shi kansa yana da nasa wurin. Matarsa Lantana ba ta iya karatu ba, shi yakan karanta mata bayan sun ci abinci, in wuri ya yi mata daɗi sai ta dangwala babban yatsanta da jan lalle a gefe. Shekara bakwai da rasuwarta, amma duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya buɗe wani littafin labarin matafiya ya ɗora yatsansa a kan nata. Wanda ya taɓa binne abokin zamansa ya san abin da ƙaramin abu irin wannan yake riƙe wa mutum.

A cikin masu rubutu a gefe akwai wadda mutane suka fi so. Alamarta ɗan ƙaramin ganyen baba ne, irin wanda ake rini da shi, don haka suke kiranta Mai Ganye. Ba wanda ya san ko wace ce, sai Malam Cindo da wata tsohuwar jakadiyar fada. Safara'u ce, matar sarki. 'Yar marini ce, a bakin gidan littattafai ta girma, a nan ta koyi karatu, kuma da aka kai ta gidan sarauta ba ta daina ba. Jakadiya ke zuwa ta karɓar mata fallaye, ta dawo da su a naɗe cikin zane.

Sai ciwo ya kama Safara'u. Kwana uku kafin ta cika, jakadiya ta dawo da falle takwas na wani littafi a kan zaman iyali. An yi daidai Barau majemi yana zaune a zaure yana jiran na gaba, sai ya karɓi bakwai ya tafi, ya bar na farko don ya riga ya karanta shi. Ran Laraba Malam Cindo ya ɗauki fallen nan a gindin ceɗiya, ya tarar Mai Ganye ta cika gefensa da rubutu, a karkace irin na mara lafiya. Ya karanta a fili kamar yadda ya saba, bai ankara ba sai da ya yi nisa ya gane maganar a kan mijinta take. Rubutun ya kai ƙarshen takarda bai ƙare ba, sauran yana falle na biyu, a hannun Barau. Shi kuwa Barau karatunsa na hawainiya ne, falle bakwai yakan ci masa wata biyu.

Da Safara'u ta rasu, sarki ya shiga baƙin ciki mai tsanani. Maganarta ta ƙarshe gare shi ita ce ya tuna da gidan littattafai. Saboda haka da aka yi arba'in, ya tara fada, ya sa aka kira Malam Cindo, ya bayyana cewa ya ware kaso mai yawa daga baitulmali domin a gyara gidan, a inganta hidimar da yake yi wa jama'a. Sharaɗinsa ɗaya, kafin shekara ta zagayo yana so ya ga aikin da idonsa.

Ya dubi dattijon da rigarsa mai faci, ya so ya gwada hankalinsa, ya ce, "Ya malam, wane littafi ne ya fi daraja a gidanka?"

Malam Cindo ya ce, "Ya sarki, wanda ya fi datti."

Fadawa suka yi dariya. Sarki ya ɗaga hannu suka yi shiru, ya ce, "To, wane ne mai littattafan?"

Ya ce, "Ya sarki, wanda yake riƙe da su yau. Gobe kuma na wani ne."

Sarki ya ce, "Mene ne ke kashe littafi?"

Ya ce, "Abu uku, ya sarki. Gara tana cinsa daga ƙasa, ruwa yana cinsa daga sama. Waɗannan biyu na san maganinsu. Na ukun shi ne wanda yake girmama littafi amma bai taɓa buɗe shi ba. Shi ban san maganinsa ba."

Sarki bai tsaya a kan wannan amsa ba, ya ɗauke ta maganar tsofaffi ce. Ya ce masa ya faɗi abin da gidan yake bukata, kada ya ji nauyi. Malam Cindo ya ce rufin ɗaki biyu yana yoyo, a sake azara a gyara indararo. A sayi tabarmi, don na yanzu sun zama raga. A ba shi takarda da tawada da magatakarda biyu su riƙa kwafe abin da ya tsufa. A sami mace mai karatu da za ta riƙa shiga gidaje tana karanta wa mata. In da hali kuma a ba shi jaki ɗaya, a riƙa kai gafaka ƙauyuka ran kasuwarsu.

Ran sarki ya ɓaci. Ya buɗe baitulmali saboda matarsa, ga tsoho yana roƙonsa jaki da tabarma. Waziri ya lura da fuskar ubangidansa, ya gyara zama ya ce, Allah ya ba sarki nasara, malam ya saba da kaɗan har ya manta yadda ake roƙon sarki. Ya ce shi in aka bar masa aikin, zai rushe gidan ƙasan ya gina soro mai tsawo wanda baƙo zai hango tun daga ƙofar gari. Zai kawo gwanayen ɗinkin littafi daga bayan hamada, su haɗa kowane littafi wuri ɗaya, su sa masa bango na jar fata da ruwan zinariya, su yanke gefen da talakawa suka ɓata da zane-zane da dangwale, har littafi ya fito tas kamar ranar da aka rubuta shi.

Nan Malam Cindo ya tuna da rubutun Mai Ganye. Magana ɗaya ce za ta tsayar da wuƙar nan, ya ce ya sarki, hannun matarka yana cikin gefen da za a yanke. Maganar ta zo har bakinsa. Amma ya dubi fada cike da mutane, ya ji kunyar ambaton matar sarki a gabansu, ya ce hannunta ya bi ta hannun mahauta da majema. Ya kuma ji tsoron in sarki ya sani, zai sa a kwashe duk littafin da ta taɓa a kulle a cikin gida, mutane su rasa su. Sai ya haɗiye ta, ya ce kawai, "Ya sarki, gefen ma na littafin ne."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, malam yana roƙo a wanke riga amma a bar mata dattinta."

Fada ta sake ɗaukar dariya. Sarki ya ba waziri aikin.

Ranar da mutanen waziri suka zo karɓar makullai, a ranar Barau majemi ya dawo da fallayensa bakwai, yana ba da haƙuri a kan daɗewa. Malam Cindo ya karɓa, ya miƙa hannu zai duba na biyun, sai wani dogari ya ce malam a yi sauri, alfadarai suna jira. Ya sa su cikin gafaka ya miƙa. Ya ce a ransa ai Barau ya karanta, zai tambaye shi wata rana.

Aka rushe gidan. Aka sare ceɗiya, don a wurinta waziri yake son zauren shiga. Gwanayen ɗinki suka zo da wuƙaƙensu masu kaifi, kuma gaskiya gwanaye ne, ba su taɓa harafi ɗaya na marubutan asali ba. Gefe kawai suka yanke. Yankakkun suka taru tuli guda kamar ɓawon gyaɗa. Da yake akwai sunan Allah a cikinsu, waziri bai yarda a zubar da su a juji ba, ya sa aka ƙone su a wuri mai tsarki aka binne tokar, mutane suka yaba masa da tsoron Allah. Malam Cindo ya isa wurin wuta tana ci. Ya sa hannu ya fizgo abin da ya iya, cikin tafi ɗaya. Ya je gida ya baje su a kan buzu yana neman jan lalle. Babu. Ganyen baba ma babu.

Sabon gida ya tashi, kuma ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar ba. Aka sa mai gadi a ƙofa. Aka kafa doka ba mai shiga sai da wankakkiyar riga da hannu mai tsabta, kuma ba a fita da littafi, don yanzu kowanne ya zama ƙato ɗaya mai nauyi, in mutum ɗaya ya ɗauka ya hana tara. Malam Cindo aka ba shi babbar riga da rawani da kujera, aka ce ya zauna a ciki. Ya zauna. Watan farko mutane suka zo kallo, suka ɗaga kai suka dubi rufi, suka tafi. Daga nan sai baƙi jefi-jefi. Ran Laraba da ran Asabar bayan la'asar yakan ji kasuwa tana watsewa, ya ji takun mutane suna wucewa ta ƙofa, ba mai tsayawa. Sau da yawa ya yi niyyar zuwa majema wurin Barau, sai ya ga kamar leƙen asirin mamaciya ne, ya ce sai gobe. Da damina ta tsaya, zazzaɓi ya kama Barau, kwana huɗu ya rasu.

Da shekara ta zagayo, sarki ya zo ganin aiki. Waziri yana gaba yana nuna masa ginshiƙai da bangon zinariya. Amma sarki ba ginin yake kallo ba. Fuskarsa ta faɗa, idonsa yana neman wani abu. Ya sallami kowa har waziri, ya rage daga shi sai Malam Cindo.

Sarki ya ce jiya ya kira tsohuwar jakadiya, ya tambaye ta ko marigayiya ta bar wata magana da bai ji ba. Jakadiya ta yi ta kuka, sannan ta gaya masa komai, da aron fallaye, da ganyen baba, da yadda a kwanakin ƙarshe ta sa aka tallafe ta ta yi rubutu, ta ce wannan na maigidana ne, wata rana zai zo gidan littattafai ya gani. Sarki ya ce, "Ya malam, ga ni na zo. Nuna mini hannunta."

Malam Cindo ya tashi, ya ɗauko littafin zaman iyali da hannu biyu, ya ajiye a gaban sarki, ya buɗe shafin. Gefen a yanke yake, sumul, an shafa masa ruwan zinariya. Faɗin abin da ya rage bai kai ɗan yatsa ba. Can a ƙasa akwai wani ɗan baƙin ɗigo, bakin wutsiyar wani harafi da wuƙa ta bari.

Sarki ya daɗe yana duban ɗigon. Sannan ya ce a kira masa waziri da igiya.

Malam Cindo ya ce, "Ya sarki, in za a ɗaure mai laifi, a kawo igiya uku. Waziri ya yi abin da ya ga zai faranta maka. Ni na san hannunta yana nan, na yi shiru a gaban fada, don kunya da tsoro. Kai kuma na ce maka gefen ma na littafin ne, ba ka ce mini don me ba."

Ba a taɓa gaya wa sarki magana irin wannan ba. Amma bai yi fushi ba, kamar ƙarfin fushin ma ya ƙare masa. Ya zauna a ƙasa, a kan daɓe, ya tambayi dattijon ko ya tuna abin da ta rubuta. Malam Cindo ya ce rabi kawai ya gani, sau ɗaya, kuma ma'anar ce ta zauna masa ba kalmomin ba, ba zai sa wa mamaciya magana a baki ba. Amma ranar da ya karanta akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, Iya Tasalla, da ta yi kuka har ta jiƙa bakin mayafinta, ta sa shi ya maimaita sau uku. Ya ce wanda bai iya karatu ba ya fi mai karatu riƙe magana, don ba shi da inda zai ajiye ta sai kansa.

Sarki ya ce a kirawo ta. Malam Cindo ya ce, "Ya sarki, dokarka ta hana ta shiga nan. In kuma dogarai suka je mata, abin da ke kanta zai gudu. Sai dai mu mu je."

Washegari da hantsi sarki ya sa riga irin ta fatake, ya bi Malam Cindo a ƙasa har unguwar magina. Suka tarar da Iya Tasalla zaune a inuwar katanga, laka har gwiwar hannu, tana murza bakin tulu. Da ta ga Malam Cindo ta ce, a'a, yau mai rawani ne a gidan laka, ko zinariyar ce ta ishe shi? Ya ce Iya, ba ta ishe ni ba, ta dai hana ni barci. Ta ce ai ita ta je sabon gidan sau ɗaya, mai gadi ya dubi hannunta ya ce ta je ta wanko. Ta ce masa ɗan nan, wannan lakar tun ina 'yar shekara bakwai take nan, ta riga uwarka zuwa duniya, in ka san ruwan da zai fitar da ita ka nuna mini. Daga ranar ba ta koma ba. Ta ce sarki dai Allah ya saka masa, ya kashe dukiya, amma da ya aiko an tambaye su, da sun ce a bar musu bishiyarsu.

Malam Cindo ya ce wannan baƙon nasa ne, ya zo daga nesa, yana so ya ji maganar Mai Ganye ta ƙarshe, in ta tuna.

Ta ajiye tulun. Ta ce yaya za ta manta, ai kamar da bakinta aka rubuta, nata mijin ma haka yake, Allah ya jiƙansa. Ta goge hannu a zane, ta rufe ido, ta faɗa a hankali, da irin muryar da Malam Cindo yake karatu da ita:

"Maigidana mutumin kirki ne, ina shaida masa a gaban Allah. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yana ba ni kafin in roƙa, yana ba ni fiye da abin da zan iya ɗauka. Shekara goma sha tara ina godiya. Abu ɗaya ne bai taɓa ba ni ba, bai taɓa zama ya ce mini, me kike so ba. Ban riƙe shi a zuci ba, bai san ana tambaya ba ne. Amma da ya tambaye ni ko sau ɗaya, da na ce masa…"

Ta buɗe ido, ta ce nan takardar ta ƙare.

Baƙon ya ce, "Sai me, Iya? Da ta ce masa me?"

Ta ce ita ma abin da ta yi ta jira ke nan. Sauran yana wurin Barau majemi. Ta taɓa tare shi a bakin rijiya ta ce ya gaya mata, ya ce ba zai ɓata mata daɗin ba, ta bari Malam ya karanta a gindin ceɗiya kowa ya ji, amma ta zo da mayafi biyu don ɗaya ba zai ishe ta ba. Sai aka sare ceɗiya. Sai Barau ya tafi.

Baƙon ya sunkuyar da kai, hawaye yana sauka a kan gemunsa yana ɗiga cikin lakar da ke gabansa. Iya Tasalla ta dube shi, ta dubi Malam Cindo, ta dubi zoben da ke hannun baƙon. Sai ta gane sarki ne, ta yunƙura za ta durƙusa. Ya riƙe hannunta, da lakar da komai, ya ce ta zauna.

Can sarki ya ɗago ya ce, "Iya, me kike so?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, inuwa da tabarma, da karatu ran Laraba. Kuma a bar ni da hannuna."

A hanyar komawa sarki ya tambayi Malam Cindo ko shi ma ya yi asara a wutar nan. Ya gaya masa labarin Lantana da jan lallenta. Sarki ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Ya malam, na ƙone maka matarka, ka rasa ta karo na biyu, kuma ka zauna wata da watanni cikin rigar da na ba ka ba ka ce komai ba." Malam Cindo ya ce, "Ya sarki, ni ma na ƙone maka taka. Mu roƙi Allah ya yafe mana, su kuma ya jiƙansu."

Sarki bai ɗaure waziri ba. Ya sa shi ya bi unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye a ƙasa, yana tambayar mutane abin da suke so daga gidan littattafai, ya dawo ya faɗa a fada ba ƙari ba ragi. An ce wannan ya fi masa igiya ciwo, amma daga baya ya iya. Aka kira gwanayen ɗinki suka warware abin da suka ɗinka, littattafai suka koma falle-falle cikin gafaka. Aka sallami mai gadi. Aka sayi tabarmi, aka ɗauki magatakarda biyu da mata uku masu shiga gidaje, aka sayi jaki. Duk abin da dattijon ya roƙa tun farko aka yi, kuma bai kai kuɗin ginshiƙi ɗaya ba. Magatakarda aka umarce su duk abin da za su kwafe su bar gefe mai faɗin tafin hannu. 'Yan yankakkun da Malam Cindo ya fizgo daga wuta, ya bi alamominsu ya mayar wa iyalan masu su, gida goma sha ɗaya. Sauran gidajen birnin ba su sami komai ba.

Aka dasa sabuwar ceɗiya a ƙofar gida. Ceɗiya kuwa ba ta sauri don sarki ya matsu. Malam Cindo bai zauna a inuwarta ba, Iya Tasalla ma haka. A ƙarƙashin rumfar zana suka ƙarasa Larabarsu.

Amma kafin rasuwarsa, wata rana jakadiya ta zo ta ce maigida yana aron falle na biyu na littafin zaman iyali. Ya ba ta. Ya yi wata guda a fada, sannan ya dawo a naɗe cikin zane. Ran Laraba Malam Cindo ya ɗauko shi a gaban jama'a. A ɗan siririn gefen da wuƙa ta bari, inda amsar Safara'u ta taɓa zama, wani ya yi rubutu ƙanana-ƙanana, ya zana ganyen baba wanda bai iya zanawa ba, ya karkace. Dattijon ya kai takardar kusa da idonsa, ya karanta musu:

"Adalcin mai bayarwa ba daga hannunsa yake farawa ba, daga kunnensa yake farawa. Na tambaya, amma na tambaya a makare."